Launin da Ya Zarce Layi: Atamfa da Ƙasar Auduga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon 'yan atamfa lokacin haɗa lefe, a kasuwar Funtua ko ta Malumfashi ko a Kantin Kwari, ya san yadda gogaggiyar mace ke duba turmi. Ba ta farawa da tambayar kuɗi. Sai ta zare shi daga leda, ta warware ninki ɗaya, ta juya bayansa ta ga ko launin ya ratsa har ɗaya fuskar, ta murza bakinsa tsakanin yatsu ta ji nauyin zaren, wata ma har ta kai hanci ta sunsuna. Daga nan ta matso da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta ƙura masa ido tana neman abubuwa uku waɗanda baƙo zai ɗauka aibi ne: 'yan siraran jijiyoyi kamar tsagewar busasshen taɓo a fadama, ɗige-ɗigen fari da ba su bi wani tsari ba, da wurin da ja ko rawaya ya ɗan zarce layin da aka shata masa ya hau kan shuɗi. In ta same su sai ta ce wannan ta gaske ce, a yi ciniki. In kuwa ta ga komai ya zauna cif, kowane launi a gidansa kamar an auna da ma'auni, sai ta ninke ta miƙa wa mai shago ta ce roba ce. Matar nan ba camfi take yi ba. Sawun hannun mutum take nema a jikin abin da inji ya buga, kuma a wannan sawun ne kuɗin atamfa ya taru fiye da shekara ɗari. Ƙasar Funtua da Malumfashi, wadda sunanta ya fita da noman auduga, ta shafe wannan ɗarin tana riƙe da ɗaya bakin igiyar, bakin da ya fi wahala ya kuma fi arha.

Kafin Bature ya zo da sikelinsa ba haka rabon yake ba. Tsofaffin garuruwan kudancin Katsina irin su Maska da Gozaki sun daɗe da suna wajen auduga da saƙa, domin ƙasarsu laka ce mai riƙe ruwa, daminarsu kuma ta fi ta arewa tsawo. Mata su gurje audugar da magurji, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari, masaƙa su saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, maɗinka su haɗa. Sai dai farin da ya fito daga masaƙa bai taɓa zama mai tsada ba. Sai ya shiga karofi, an tsoma an tsame, an shanya ya sha iska, an sake tsomawa har baba ya kama shi ya yi baƙi ƙirin, sannan mabuga su barbaɗa masa shuni su dake shi a kan gungume har ya riƙa ɗaukar ido. Wannan ne turkuɗin da Buzaye ke ba da raƙumi a kansa, irin wanda garin Kura ya yi fice da shi, kuma irin kayan da matafiyi Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana ɗaukarsa zuwa Tambutu da ƙetaren Sahara. Bahaushe ya san tun tuni cewa riba tana wurin mai launi. Abin lura shi ne a wancan zamani manomi da masaƙi da marini da mabugi duk 'yan ƙasa ɗaya ne, sau da yawa ma 'yan gari ɗaya, don haka kuɗin launin yana zagayawa ya dawo inda aka shuka audugar.

Ido ma ya riga ya sami horo ta wata hanyar. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka yakan gama shafi da baƙar tawada tukuna, sannan ya dawo da wani alƙalamin ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, ya yi alamar sadarwa da kore. In ya kai kan rubu'i sai ya ware shafi ya yi zayyana: ya shata murabba'i cikin murabba'i, da'ira cikin da'ira, saƙaƙƙun layuka masu shiga juna kamar dagi, sannan ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana cike su da launi. Haka ake yi wa allon sauka. Babu mutum a ciki, babu dabba, babu itace, sai layi da launi da yadda suka zauna da juna. Aska takwas a ƙirjin babbar riga haka take, adon bangon gidajen Zariya da Kano ma haka. Zanen da ba ya kwaikwayon surar komai, wanda masu fasahar Turai suka yi ta cece-kuce a kansa a farkon ƙarni na 20 kamar sun gano sabuwar duniya, a nan tsohon zance ne. Mutanen da suka tashi suna ganin baƙin layi da farko, launin hannu daga baya, ba sa bukatar wani ya koya musu yadda ake kallon atamfa.

Ita atamfar ba a nan aka haife ta ba, ba kuma dominmu aka ƙirƙiro ta ba. Asalinta tsibirin Jawa ne, a ƙasar da ake kira Indunusiya yanzu, inda mata ke zana yadi da narkakken kaki, su tsoma a rini, wurin da kakin ya rufe ya fito fes bai kamu ba. Dabarar ɗaya ce da ta mai ƙunshi wadda ke yanka salatif ta manna a ƙafa kafin ta shafa lalle. Aiki ne mai cin makonni, don haka 'yan Holan, waɗanda ke mulkin tsibirin a lokacin, suka nemi yadda inji zai yi shi da araha su sayar wa masu abin. A shekarun 1850 wani mai masana'anta a garin Haarlem mai suna Prévinaire ya gyara injin da ke shafa danƙo a fuskokin yadi biyu lokaci guda. Kamfanin iyalan van Vlissingen da ke Helmond, wanda aka kafa a 1846 kuma aka sani yau da sunan Vlisco, shi ma ya shiga neman wannan kasuwa. Sai dai danƙon inji yana tsagewa, rini ya bi tsagar ya bar jijiya, mutanen Jawa kuwa, da suka san na hannu, suna ganin wannan ɓarnar aiki ce. Kasuwar ta yi ta ja da baya. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwa daga Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya fara kai irin wannan yadi gaɓar ƙasar da ta zama Gana, a can kuwa aka karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da aka ƙi shi dominsa a gabas, shi aka so shi dominsa a nan. Masu bugun yadi na kewayen Manchester suka bi sahu a farkon ƙarni na 20, cikinsu har da kamfanin da tambarinsa na ABC ya zama abin da matanmu ke kira 'yar Ingila.

Yana da kyau a tsaya a ga yadda ake yin turmi ɗaya, domin hujjar duka tana cikin matakan. Mai zane ya fitar da fasali a takarda, a sassaƙa shi a jikin ganguna biyu na jan ƙarfe, kowace madubin 'yar'uwarta. Farin yadi ya ratsa tsakaninsu, su buga masa narkakken danƙo gaba da baya. Sai a tsoma shi cikin baba sau da yawa, kamar dai a karofi, illa dai tukunyar ta ƙarfe ce. A nan ake samun launin tushe, shuɗin nan mai duhu, kuma shi ya sa ta gaske ba ta da ciki da baya. Busasshen danƙon yana tsattsagewa yayin da ake juya yadin, jijiyoyin ke nan. Daga nan a wanke danƙon, amma da gangan ba a wanke shi duka, domin 'yan guntayen da suka maƙale su ne za su hana launi na biyu kamawa su bar ɗige-ɗigen farin. Tunda ba wanda ke iya umartar danƙo ya tsage a wuri kaza, ba yadi biyu da za su fito iri ɗaya ko da a cikin turmi guda ne. Mataki na ƙarshe na mutum ne. A shimfiɗa yadin a kan dogon tebur, ma'aikaci ya ɗauki hatimin katako wanda aka sassaƙa daidai da gurbin da ake son cikewa, aka kuma cusa masa tsumma mai kauri don ya sha rini. Ya dangwala, ya auna da ido, ya danna, ya ɗaga, ya matsa gaba, haka har ƙarshen tebur. Kowane launi da nasa hatimin, in ja da rawaya ake so sai an bi yadin sau biyu. Yadin da ya sha jiƙa da shanya ya ɗan tsuke nan ya saki can, hannu kuma hannu ne, don haka launin kan leƙa waje da layi, ya bar siririn fari a wannan gefe, ya hau shuɗi a wancan, inda rawaya ta taka jijiyar shuɗi kuma a sami wani kore wanda ba wanda ya dama shi a tukunya. A Helmond an ci gaba da wannan aiki na hannu har farkon shekarun 1990.

Masu fasahar zane na zamani suna da reshe mai wannan ƙa'ida, kuma gidansu a Nijeriya ba shi da nisa da mu. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Funtua. Cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 akwai Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi suna a duniya da bugun zane daga sassaƙaƙƙen allo. A wannan sana'a allo ɗaya ne ke haihuwar kwafi da yawa, amma da yawan masu yinta sukan bi kowane kwafi da launi, su shafa nan su goge can, har kowanne ya zama mai zaman kansa. Sai a sa masa lamba da sa hannu, a rataye a bango, masu hali su yi ta ciniki. In manazarta suna yabon irin wannan aiki sukan ce ya wuce bugu ya koma kamar zanen buroshi, ma'ana launinsa yana da zurfi da motsi, bai kwanta shame-shame kamar na kalanda ba. Wannan yabo, kalma da kalma, ya dace da kyakkyawar atamfa. Bambancin kawai ɗaya ana rataye shi a bango ana ce masa fasaha, ɗaya ana ɗaura ta a ƙugu ana ce mata kayan mata, kuma mutumin da ya tsaya a gefen tebur da hatimi a hannu ba a taɓa barinsa ya rubuta sunansa ba.

Mai musu zai ce duk wannan ƙawata zance ne. Mace tana sayen Holan ne don a ce Holan ta ɗaura, dangin amarya kuma suna ƙirga Sufa a akwati ne don gori, ba don wata jijiya ba. Akwai gaskiya a ciki, lefe fagen gasa ne, kuma ba kowace mai ƙirgawa ce ta san abin da take ƙirgawa ba. Amma suna ba ya tsayawa a kasuwa shekara ɗari a kan iska. Ya tsaya ne saboda zanin ya sha wanki bai zuba ba, bai koɗe ba, sai laushi da ya ƙara, har uwa ta bar wa 'yarta shi a ƙasan adaka. Akwai kuma shaidar da ta fi wannan ƙarfi. Tun da daɗewa injin bugu ya iya zuba launuka da yawa a fuska ɗaya ta yadi ba tare da ko ɗaya ya kauce ba, kuma irin wannan tsaftataccen bugu mai fuska ɗaya kullum a ƙasa yake wajen farashi. Da Vlisco ya tashi fitar da mafi tsadar kayansa a 1973, wato wadda muke kira Sufa, abin da ya yi shi ne ya ƙara kyan zaren ya kuma ƙara fito da jijiyar da ɗige-ɗigen fili. Da tsafta masu saye ke biya, da kamfanin da ke neman kuɗinsu ya bi ɗaya hanyar. Kasuwa ce da kanta ta jera su: wadda ba ta da tabo a ƙasa, mai tabon a sama.

Yanzu a juyo gida a ga abin da ake yi a nan a daidai shekarun da atamfa ta fara shigowa. A 1902 masu masaƙun Lancashire suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchester, don su rage dogaro da audugar Amurka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka ɗora wa buri. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai lissafin ya ƙi fita: masaƙan gida suna biyan manomi fiye da abin da kamfanin na BCGA ke tayawa, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Sai aka sake dabara. Aka shigo da irin auduga na Amurka mai dogon gashi wanda ake kira Allen, aka yaɗa shi a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, aka buɗe gonar iri a Daudawa a tsakiyar shekarun 1920, aka ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, inda har yau sunan kamfanin bai bar bakin mutane ba. Cinikin ya koma fuloti. Manomi ya kawo audugarsa a kan jaki, malamin auduga ya cusa hannu can cikin tsakiyar ƙunshin ya zaro, ya duba datti da ja da danshi, ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a biya shi kan farashin da aka yanka a wani wurin da bai taɓa zuwa ba. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanka farashin, a 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedikwatarta a Funtua, har aka rushe ta a 1986. A duba wannan tsari daga gonar iri zuwa tashar jirgi, kowane mataki an yi masa tanadi, an ba shi ma'aikaci da ofis da doka. Matakin launi ne kaɗai babu. An shirya komai ne don auduga ta fita fara.

Za a iya cewa an matsa wa tarihi a nan, ta fuska biyu. Ta farko, audugar da ta bar Funtua tana isa Liverpool ne ta gauraya da ta Amurka da ta Masar, don haka turmin da ya dawo ba lalle zarensa na Daudawa ba ne. Ta biyu, auduga ta yi wa yankin rana: ita da dogo suka mai da Funtua, mazaunin Sarkin Maska, babban gari, ita ta biya haraji, ta yi aure, ta kai mutane Makka. Duka biyun haka ne. Amma zancen ba na bin zare ɗaya daga gona zuwa akwati ba ne, zancen rabo ne. Mutumin da ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma uku, ya bi da tsinka cikin hunturu har yatsunsa suka tsage, shi ne kuma yake kwance kuɗin kakar don ya sayi turmi biyu a lefen ɗansa, a farashin da mafi yawansa ladan zane da rini da suna ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba kuma dole aka yi wa mata ba da suka bar saƙi da baƙin zane suka koma atamfa: ta fi sauƙin ɗauka, ta fi yawan launi, ba ta shafa wa jiki shuni. Abin takaicin shi ne marinanmu suna riƙe da rabin sana'ar mafi wuya, wato sarrafa baba, wanda sai an yi shekaru a bakin karofi ake sanin lokacin da ya nuna. Abin da ya rage musu danƙo ne da hatimi da launukan da ba sa zuba. Malaman gona sun bi ƙauye-ƙauye da iri da maganin feshi shekara da shekaru, ɗan abin da aka yi wa masaƙa da marina kuwa bai kai ko kusa da wannan ba, sai karofi suka yi ta cikewa da shara ɗaya bayan ɗaya.

Musun da ya fi kowanne nauyi shi ne na Kaduna. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, da haɗin guiwar kamfanin David Whitehead na Lancashire, ta buɗe masaƙar KTL, wadda ta fara da akoko. A 1964 attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa UNTL, wadda ta girma har ta riƙa buga atamfa ta danƙo ta gaske a unguwar Kakuri, a ƙarshen shekarun 1970 kuma aka buɗe masaƙar Funtua a cikin wannan rukuni. Ke nan an yi zamanin da audugar Bakori ko Ƙafur za ta iya zama zare, ta zama yadi, ta zama atamfa, ba ta tsallake Kaduna ba, kuma dubban 'yan Arewa sun ci abinci a wannan hanya. Wannan gaskiya ce da ba za a rage mata komai ba, kuma ita ce mafi kusa da muka taɓa zuwa. Amma a nan ma a duba inda ilimin ya zauna. Ya zauna ne a cikin katangar masana'anta, a ɗakin zane da ɗakin haɗa rini da ɗakin sassaƙa ganguna, ƙarƙashin mallakar waɗanda suka zo da shi. Babban aikin Funtua a rukunin kaɗi ne da saƙa. Sana'ar karofi a cikin gidaje take, uba ya koya wa ɗa, in rami ɗaya ya mutu goma na nan. Sana'ar Kakuri kuwa ƙofa ɗaya gare ta. Da wutar lantarki ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, naira ta faɗi bayan 1986, irin auduga ya cakuɗe bayan rushe hukumar, kayan fasa-ƙwauri suka yi ta kwararowa ta Kwatano da Maraɗi, sai KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Ba a ga tsofaffin ma'aikatan sun watsu cikin garuruwa sun buɗe ƙananan wuraren bugu ba, domin abin da suka iya ba ya yiwuwa sai da injin da ba nasu ba.

Kayan Sin ne suka cike gurbin, musamman bayan 2005 da aka ɗage ƙayyade cinikin tufafi a duniya. Ba daidai ba ne a raina su gaba ɗaya. Wasu masana'antun can suna yin ta danƙo ta gaske, masu arhar kuma su suka sa talaka ke iya haɗa lefe, 'yan mata ke iya fitar da anko. Amma a cikin masu arhar akwai wani abu da ya kamata a duba da kyau. An ɗauki hoton jijiyar da ɗige-ɗigen da zarcewar launin, an zana su a jikin gangar bugu kamar sauran zanen, inji yana buga su. Wani zai ce to shi ke nan, hannu ya tashi aiki, tunda ga kuskurensa ana bugawa da lantarki, ga shi kuma a Helmond ɗin ma inji ya gaji masu hatimi. Sai dai ba wanda ke ɓata lokaci yana yin jabun abin da ba shi da daraja. Wanda ya zauna ya zana tsagar danƙo a yadin da bai taɓa ganin danƙo ba ya amsa da kansa cewa tsagar ce ake saye. Kuma asirin ba ya wuyar tonuwa. A shimfiɗa turmin a tabarma, a sa yatsa kan wata jijiya mai reshe uku, a bi tsawon yadin. In aka sake cin karo da ita, da reshenta uku, bayan kamu biyu ko uku, sannan aka sake, to zana ta aka yi. Ta gaske ba ta maimaita kanta. Injinan Helmond ma ba su kawar da zarcewar launin ba, kuma ba don sun kasa ba ne.

Saura masu cewa me ya dame mu da atamfa, tunda kayan baƙi ce tun asali, gara a yi kukan saƙi da turkuɗi. Kukan nan yana da wurinsa, amma wa ya yanke wa atamfa kamanninta? Matan Afirka ta Yamma ne. Manyan dillalan Lome da ake kira Nana Benz sun yi shekaru suna gaya wa masana'antun Turai wane zane za a maimaita, wane launi za a sake, suna kama zane su hana kowa sayar da shi sai su. Turmin da matan kasuwa suka juya wa baya ya mutu, ko wa ya zana shi. A wajenmu ma ɗan kasuwar Kwari ya san wane launi ne zai shiga Funtua, ya kuma san da yawan mata ba sa son zanin da ke ɗauke da surar mai rai saboda salla, don haka ganye da fure da saƙaƙƙen layi suka fi tafiya. Idon namu ne, hatimin da rajistar zanen ne nasu. Kuma ba a ce hannun ya mutu ba: ana rini a Ƙofar Mata, masu kamfala suna dangwala hatimi cikin narkakken kyandir suna buga wa shadda, Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masu zanen yadi kowace shekara, alarammomi suna zayyana.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya zo Katsina ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma, da niyyar tayar da masaƙu. Iri mai kyau abin so ne, manomin Faskari da na Ɗanja sun fi kowa sanin haka. Amma duk shirin da aka ƙirga shi da buhunan iri da nauyin gurzajjiyar auduga kaɗai, ba a sa mai zane da masassaƙin hatimi da marini a lissafi ba, shirin 1902 ne aka sake wa suna.